Darasin Laka da Miyar Kuka

A shekarata ta biyu da fara koyarwa a ajin nazare a Kalgo ne mai makarantarmu ya sayi sabuwar waya. Da ya haƙura da tsohuwar, mai madannai, wadda ba ta iya komai ba sai kira da haska tocila, da mun ci gaba da zamanmu lafiya.

Makarantar 'yar ƙarama ce, gidan zama ne aka mayar, ɗakuna kaɗan da tsakar gida da bishiyar darbejiya guda. Mai ita dattijo ne da ya yi ritaya daga aikin gwamnati, mai dogon farin gemu, kowa Baba yake ce masa. Ajin ƙanana mu biyu ne a kansa. Ni 'yar Gwandu ce, aure ya kawo ni Kalgo. Abokiyar aikina Kirista ce 'yar ƙasar Zuru, ta girme ni, ta kuma riga ni shiga aikin. Yara suna ce mata Anti, ni suna ce mini Malama, mu ma haka muke kiran juna. Koyarwarmu a lokacin ba ta da wahala. Mu zaunar da yara kan tabarma, mu yi ta rera baƙaƙe da lambobi, har wasu su yi barci, wasu su yi fitsari, a tashi.

Ran nan bayan an tashi Baba ya kira mu ofis, ya miƙo mana wayar yana murmushi. Bidiyo ne na 'ya'yan Turawa zaune gaban manyan robobi cike da shinkafa da aka rina ja da kore da shuɗi, suna cusa hannu ciki, suna watsawa sama, malamarsu tana tafa musu.

Anti ta matso da fuskarta kusa da wayar. "Baba, wannan shinkafa ce fa. Ta ci."

"Shinkafa ce."

"Kuma babu wanda ya dake su?"

"Ba shinkafar za ku duba ba," in ji Baba. "Yaro ba da kunne kaɗai shika karatu ba. Da hannu shika yi, da hanci, da halshe. Ku bar su su taɓa, su shinshina, su ɗanɗana, sannan ku fita da su su ga halittun Allah. Ku nemo abin da ƙasarmu ta ba mu, ban ce ku taɓa shinkafar kowa ba."

Muka amsa da to. Da muka fito Anti ta ce mini, "Malama, mutumin nan bai taɓa kai yaro ban ɗaki ba, shi ya sa."

Muka raba aiki. Ita za ta kawo yashi da dusa da lemun tsami. Ni da yake zan je gida Gwandu ƙarshen mako, na ɗauki alkawarin laka da garin kuka. Akwai wani kududdufi bayan unguwarmu mai laka mai santsi, wadda muka sha dukan Inna a kanta muna yara.

Inna tana tsintar wake a tsakar gida na shigo da bokiti cike da laka, zanina ya jiƙe har gwiwa. Ta ɗago ta dube ni, ta dubi bokitin.

"Ke, mi za ki yi da wagga laka? Ginin tukwane kika koma?"

"Yara za mu ba su yi wasa, Inna. Darasi ne."

"Darasi." Ta ajiye faifan. "Ɗiyan mutane za ki ba laka da hannunki?"

"Haka Turawa suke yi."

"Ashe da ina bugun ki kan wasan laka karatu nika hana ki." Ta yi ta dariya har tana share ido da bakin mayafi. Ta ƙwala wa maƙwabciyarmu kira ta kan katanga ta ce ta leƙo ta ga abin da na koyo a kwaleji. Amma da zan tafi ita ta ƙulle mini garin kuka a leda, ta ƙara mini da tsamiya, ta ce in har ɗanɗano ake so kada a tsaya kan lemu.

A mota direba ya ce babu wurin bokiti a baya, buhunan albasa sun cinye. Na rungume shi a cinya, na rufe bakinsa da leda. Kafin mu wuce Kambaza mota ta faɗa wani rami, lakar ta yi tsalle ta sauka kan farar shaddar mutumin da ke kusa da ni. Ya daɗe yana kallon rigarsa. Ya tambaye ni ko magani ne. Na ga bayanin zai yi tsawo, na ce masa magani ne. Ya ce Allah ya ba da lafiya, ya matsa jikin ƙofa, bai sake yi mini magana ba har Birnin Kebbi.

Ranar darasin muka jera robobi ƙarƙashin darbejiya. Ɗaya yashi, ɗaya dusa, ɗaya laka, ɗaya ruwa, ɗaya kuma garin kuka da muka dama da ruwa har ya yi yauƙi. Muka fito da yara cikin kayan makarantarsu, farar riga da shuɗin wando ko siket, wankakku, gogaggu. Na ce musu yau babu rera waƙa, kowa ya je ya sa hannu a abin da yake so.

Babu wanda ya motsa. Suka tsaya a jere suna kallon mu. Tun ranar da aka kawo su makaranta abin da suke ji daga bakinmu shi ne kada a taɓa ƙasa, kada a ɓata riga. Sun ɗauka tarko ne. Wata yarinya ma ta mayar da hannayenta baya ta ce, "Ni ban taɓa ba."

Anti ta naɗe hannun rigarta ta durƙusa gaban laka, ta cusa hannu har wuyan hannu, ta ɗago tana matsawa, lakar tana fita ta tsakanin yatsunta. "Kun gani? Sanyi! Santsi! Wa zai zo?"

Akwai wani yaro a ajin, ɗan masunci, gajere mai ƙaton kai, wanda ba a taɓa kiran wani abu ya tsaya tunani ba. Ya tako, ya dubi Anti, ya dubi robar, ya cire takalmi ya shiga ciki da ƙafa biyu, ya zauna.

Daga nan ban san yadda aka yi ba. Na juya in ɗauko buta, kafin in waiwayo an juye yashi cikin ruwa, an juye ruwa cikin dusa, wasu 'yan biyu mata suna shafa wa juna laka a kai suna cewa kitso suke yi. Wani yana cika aljihunsa da yashi, wani yana cika aljihun na kusa da shi. Ihu kuwa har masu wucewa a titi suna leƙowa ta ƙofa.

Robar kuka ce kaɗai aka girmama. Yara kaɗan suka kewaye ta suka zauna, suka tanƙwashe ƙafa, suka yi shiru. Na ji daɗi, na ce ga masu natsuwa. Na je na durƙusa na ce, "To, ku taɓa mana. Me kuka ji?"

Ɗaya ya ɗago ya ce, "Malama, ina tuwon?"

Na ce ba miya ba ce, ta wasa ce. Ba su yarda ba. Wata ta lakata ta kai baki, ta yamutsa fuska ta ce babu gishiri, babu daddawa, mamanta ta fi ni iya miya. Sauran suka ɗanɗana suka tabbatar da maganarta. Duk da haka kafin in ɗauke robar sun sha kusan rabi.

Lemun tsami da tsamiya suka biyo baya. Kowa ya lasa ya runtse ido, kafaɗunsa su haɗe da kunnuwa, ya yi rawar jiki, sannan ya miƙo hannu a ƙara masa. Yarinyar nan da ta ce ba ta taɓa ba ta lasa ta fashe da kuka, tana kukan tana ci gaba da lasa.

Ana cikin haka Baba ya fito daga ofis da wayarsa yana ɗaukar hoto, fuskarsa cike da farin ciki. Lokacin mun fara wasan ƙarshe. Za a ɗaure wa yaro ido da ɗankwali, a miƙa masa abu, ya shafa ya faɗi ko mene ne. An yi cokali, an yi ganye, an yi dutse. Da layi ya zo kan ɗan masunci, na ɗaure masa ido, na juya in ɗauko soso. Baba kuma ya durƙusa gabansa don ya samu hoto mai kyau. Yaron ya miƙa hannu yana lalube, ya damƙi gemun Baba. Ya shafa, ya ja kaɗan, ya matso da hanci ya shinshina.

"Bunsuru!" ya faɗa da ƙarfi, cike da murna.

Baba bai motsa ba, gemunsa yana hannun yaron, laka tana ɗiga daga ciki. Yaron ya zame ɗankwalin da ɗaya hannun, ya ga abin da ya riƙe, ya ce, "Lah, Baba ne." Ɗaya daga cikin 'yan biyun ta ce, don ta taimaka masa, "Ai ka kusa."

Anti ta ce za ta je ta duba wani abu, ta zagaya bayan ajin. Muna jin ta daga nan tana sheƙa dariya kamar mai tarin asma. Ni babu inda zan gudu, na cije leɓe har ya yi ciwo. Baba ya miƙe a hankali, ya goge gemunsa da hankici, ya ce wa yaron, "Allah shi shirye ka." Sannan ya dube ni ya ce, "Kin gani ko? Ya yi amfani da hannu, ya yi amfani da hanci. Amsar ce kawai bai samu ba."

Na ɗauka daga nan za a wanke su a huta. Baba ya ce tun da sun riga sun ɓaci, a ƙarasa, a fita da su su ga halittu. Muka aro igiyar guga a maƙwabta, kowane yaro ya riƙe, Anti a gaba, ni a baya, muka bi hanyar da ta gangara fadama. Ƙarshen damina ne, shinkafa ta yi kore shar, ƙasa da danshi. Mutane suna tsayawa suna kallon mu, jerin yara masu launin ƙasa riƙe da igiya. Wata mai tallan fura ta tambaye ni ko gini ne ya faɗo musu.

Ba mu yi nisa ba tafiya ta tsaya. Jerin tururuwa ne ya ratsa hanya. Duka suka saki igiya suka tsuguna. Aka yi ta muhawara kan inda suke zuwa. Wani ya ce kasuwa, wata ta ce makaranta, tun da a layi suke. Aka tambaye ni wace ce malamarsu a ciki. Na nuna wata babba. Suka gaishe ta baki ɗaya, da irin muryar da suke gaishe mu da safe. Sai da muka ɗaga su ɗaya bayan ɗaya muka tsallakar, don sun ƙi yarda a taka 'yan makaranta.

A hanya Anti ta yi ta ba su labarin ƙuruciyarta. Ta ce a garinsu kan duwatsu suka tashi, kunama da maciji abokan wasansu ne, ita babu wata halitta da take tsoro. Yaran suna kallon ta da girmamawa. Ni ma na yarda, don mace ce da ko Baba yana shakkar ta.

A bakin ruwa muka tarar da wani mutum zaune a inuwa yana gyaran komar kamun kifi. Muka gaisa. Ɗan masunci ya ruga ya rungume ƙafarsa. Mutumin ya janye ƙafar, ya dubi abin da ya maƙale masa, laka tun daga kai har ƙafa, ido biyu kawai ake gani.

"Malama, wanga ɗan wane ne?"

"Naka ne," na ce.

Ya sunkuya ya goge fuskar yaron da babban yatsa, ya duba da kyau. "Wallahi shi ne." Sannan ya ce, "Uwatai ta ce a kai shi boko don kada shi tashi cikin laka kamar ni." Na fara yi masa bayanin hannu da hanci da harshe. Ya saurare ni har na gama, ya ce Allah ya taimaka, amma shi yau ba zai koma gida da wuri ba.

Muka ce kowane yaro ya tsinci abu guda da ya burge shi, a koma aji a nuna. Suka bazu cikin ciyawa, mu kuma muna zagaye muna ƙirga kawuna muna hana su nufar ruwa.

Da muka koma muka shimfiɗa tabarma, kowa yana fitowa yana ajiye nasa. Gashin balbela, ɓawon katantanwa, furen ciyawa, tsohon silifa ƙafa ɗaya. Wani ya kawo busasshen kashin jaki a tafin hannu, yana riƙe da shi kamar ƙwai, ya ce shi ya fi na kowa kyau saboda zagaye ne. Ba mu iya musa masa ba. Yarinyar nan mai tsoron ɓata riga ce ta ƙarshe. Ta taho da 'yar kular abincinta a rungume, ta ajiye a kan cinyar Anti, ta ce nata yana ciki, a buɗe a hankali yana barci.

Anti ta buɗe. Ƙaton kwaɗo ne zaune kan ragowar taliya. Suka dubi juna. Ya yi tsalle ya sauka a ƙirjinta.

Ban taɓa sanin mace mai shekarunta da jikinta za ta iya hawa tebur ba tare da ta taka kujera ba. Tana sama tana kiran sunan Yesu, tana karkaɗe riga, takalminta ɗaya ya tashi ya bugi allo. Yara suka dare, rabi suna bin kwaɗo, rabi suna gudun kwaɗo, mai shi tana kuka tana cewa an tashe shi. Ni ina tsaye ina dariya har da riƙe ciki, sai ga shi ya nufo ni. Teburin bai ishe mu mu biyu ba, amma mun yi maneji.

Daga can sama na ce mata, "Anti, ina maciji da kunama?"

"Su ba su da sanyin jiki!" ta ce. "Ba su tsalle!"

Ɗan masunci ne ya kama shi da hannu ɗaya, ya tambaya ko a mayar cikin kular. Muka haɗa baki muka ce a kai shi waje. Aka raka kwaɗo har bakin kwata, ajin gaba ɗaya, ana yi masa sai an jima.

Lokacin tashi Baba ya tuna yana da wani uzuri a Birnin Kebbi, ya hau babur ya tafi. Mu muka tsaya a ƙofa muna miƙa yara. Wasu iyayen sun yi salati, wasu sun yi dariya, wani mai babur ya shimfiɗa buhu a kan kujera kafin ya ɗora 'yarsa.

Washegari da safe yara suka zo da kayan gida, a bayansu kuma ga mata. Kakar 'yan biyu ce a gaba, doguwar tsohuwa mai kaifin murya wadda duk unguwar ake shakka. Kowace mace da ƙullin kaya a hannu. Tsohuwar ta zube nata a gabana, fararen riguna sun koma ruwan ƙasa, sun bushe sun yi tauri kamar kilishi.

"Wa ya ba su laka?"

"Mu ne, Kaka."

"Madalla. Ga sabulu." Ta ajiye a kan kayan. "Ni na kwana ina tsefe laka cikin kan ɗiya. Wanga kuma naku ne."

Sauran matan suka zube nasu. Ba su tafi ba, suka nemi inuwa suka zauna don su ga an yi. Baba yana ofis, ya turo ƙofa.

Muka ɗauko robobin jiya muka cika da ruwa, ni da Anti muka durƙusa muka fara wanki. Da kumfa ta tashi, yara suka fara matsowa. Wani ya sa yatsa. Wata ta ɗebo a tafin hannu ta hura. Na ɗaga kai in kore su, sai na ji muryar Kaka tana yi wa wani yaro magana.

"Ba haka aka yi ba. Kai, tafi gidan can ka ce a ba ka hannun gwanda."

Aka kawo mata reshen ganyen gwanda. Ta karye ganyen, ta bar sandar mai rami, ta tsoma bakinta cikin ruwan sabulu, ta kumbura kumatu ta hura a hankali. Wani ƙaton ƙwan kumfa ya fito, ya yi lilo, ya saki, ya tashi sama yana walƙiya. Yara suka yi ihu suka bi shi. Ta sake hurawa. Wata daga cikin matan ta ce su a Masama da karan dawa suke yi, Kaka ta ce na kara ba ya girma, aka fara gardama, aka aika a kawo kara. Kafin wani lokaci iyaye mata suna layi gaban robar, kowace tana cewa a ba ta ta gwada, yara suna tsalle suna fasawa, wasu suna shiga ruwan wankin da ƙafa. Baba ya ji hayaniyar ta sauya, ya buɗe ƙofa kaɗan, ya leƙo, sannan ya fito da wayarsa kamar da ma shi ya shirya.

Mun gama wankin wajen azahar, muka shanya a kan katanga, rana ta busar. Yara suka koma gida da kayan makaranta wankakku a cikin leda, kayan jikinsu kuwa sharkaf da ruwan sabulu. Kaka ta tafi da sandar gwandarta a hannu, ta ƙi bar wa kowa.